Ragon Kirsimeti a Madabo

A gidanmu ba a yanka ragon Kirsimeti a gida. Haka na tashi na tarar, kuma sai da na yi wayo na gane sauran Kiristoci ba haka suke yi ba. Su a tsakar gidansu suke yankawa, ko su kira mahauci Musulmi ya yanka musu don makwabta su samu su ci. Mu kuwa ranar jajibiri sai a ɗaura wa rago igiya, a fita da shi daga unguwarmu ta wajen ganuwa, a nufi cikin birnin Kano da shi har ƙofar wani tsohon gidan ƙasa a Madabo. A can ake yanka shi, a can ake feɗe shi, a can ake soya rabinsa. Gidan da aka haifi Kaka ke nan, mahaifin babana, kuma duk mutanen cikinsa Musulmi ne.

Kaka baduku ne ɗan badukai. Yana saurayi aka ɗauke shi aiki a wani asibitin mishan can bayan gari inda ake jinyar kutare, yana ɗinka musu takalma masu laushi, kowa daidai abin da ya rage masa na ƙafa. Yakan ce neman abinci ya kai shi, amma a can ya ga wata tsohuwar ma'aikaciya tana wanke gyambon mutanen da ko danginsu ba sa haɗa kwano da su, tana yi tana waƙa ƙasa-ƙasa. Abin ya tsaya masa a rai har ya karɓi baftisma. Mahaifinsa ya ce kada ya ƙara taka masa zaure, shi ma bai taka ba har tsohon ya rasu. Ko a wurin jana'iza daga nesa ya tsaya.

Mahaifiyarsa kuwa tana nan da rai, ta tsufa, kuma abin da ke cin Kaka shi ne ba ta taɓa cin wani abu daga hannunsa ba tun da ya zama magidanci. Ya san ba za ta ci yankansa ba. Wata jajibirin Kirsimeti sai ya sayi rago, ya ja shi da ƙafa har Madabo, ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama da ƙanensa, wanda a lokacin shi ne maigida. Da ƙanen ya fito, Kaka ya ce masa yana so Inna ta ci nama, kuma shi bai isa ya yanka mata ba, ko zai taimaka ya yanka. Ƙanen ya dube shi, ya dubi ragon, ya juya ya shige gida. Kaka ya ce a ransa shi ke nan an rufe masa ƙofa, har ya fara jan igiya zai koma. Sai ga ƙanen ya fito da wuƙa, ya ce masa ya riƙe ƙafafun. Iyakar sulhun da suka yi ke nan, babu wanda ya nemi gafara da baki, babu wanda ya tono tsohuwar magana. A ranar Kaka ya shiga ya gaida uwarsa.

Daga nan abin ya zama gado. Da 'yan'uwan biyu suka kau, 'ya'yansu suka ɗauka. Babana ne ke jan rago, ɗan ƙanen Kaka kuma, wanda muke kira Baffa, shi ne ke yankawa. Ni a zamanin waɗannan biyun na taso, kuma ban san wata rana a shekara da ta kai mini wannan daɗi ba, har ranar Kirsimetin kanta.

Baba ba ya yarda a sa rago a mota. Ya ce da ƙafa ubansa ya kai shi, shi ma da ƙafa zai kai. To rago dai ba ya jin tarihi. Wata shekara ya turje a tsakiyar titi sai da aka tura shi ta baya, wata shekara kuma ya fizge igiya a gefen Kasuwar Kurmi ya afka cikin rumfar masu kayan yaji, ya fito yana atishawa, Baba na biye da shi da babbar riga yana ba mutane haƙuri. 'Yan kasuwar sun san mu sarai. Da sun hango mu sai su fara tsiya, suna tambayar Baba ko sallarsu ta zo ne, wai ya ragon bana ya rame haka, ko fasto ne ya cinye dusar. Baba ya ce musu ai ragon azumi ya yi tare da su, shi ya sa. A yi ta dariya, wani ya miƙo mini goro in kai wa tsofaffi, wani ya cusa mini citta da kanumfari a leda ya ce na miya ne.

A Madabo mukan tarar an share ƙofar gida an haƙa ɗan rami saboda jini. Baffa ya naɗe hannun riga, ya juya ragon gabas, Baba ya durƙusa ya riƙe ƙafafun baya, makwabta su kama sauran. Ni ba na tsayawa kallo. Cikin gida nake gudu wurin Gwaggo, ƙanwar Baffa, wadda bakinta bai taɓa hutawa ba tun da na san ta. Ita ce ke cewa da ni 'yar coci, ta ce in yi mata waƙarmu ɗaya ta ji ko muna da murya, in na yi kuma ta ce ai wannan kukan akuya ne, amma in ƙara wata. A hannunta na koyi babbakar kai da ƙafa, da yadda ake wanke kayan ciki har ƙarni ya fita. Matan gidan su soya nama, mu kuma mu buɗe cincin da Mama ta aiko da shi, makwabtansu jikokin Larabawa su aiko da gurasa mai zafi. Fatar ragon a can ake barinta, don har yanzu akwai badukai a gidan. Bayan 'yan watanni sai ta dawo mana ta zama takalma ko jaka ko matashi. In babbar sallah ta zo kuma, cinya guda ce ke fitowa daga birni zuwa gidanmu, Baffa da kansa ke kawowa.

Na taɓa tambayar Baba me ya sa muke shan wannan wahala, alhali ga mahauta nan birjik a kusa da mu. Ya ce wahalar ce ma abin. Ya ce Kaka yakan ce Ubangiji bai ce mu jira a zo mana ba, mu ne za mu fara zuwa, kuma in ka je wurin ɗan'uwanka ka je masa da wata buƙata, don ya samu abin da zai yi maka. A lokacin na ji maganar ne kawai, kamar yadda ake jin maganar manya, ta shiga nan ta fita can.

Baba ya rasu da farkon damina, Baffa kuma ya bi shi kafin a gama girbi, kamar sun yi shawara. Ƙannena maza duk sun watse, wani a Abuja, wani a Legas, ni kaɗai ce a Kano, ni da maigidana, mutumin Filato, wanda bai taɓa gane kan wannan al'ada ba amma yana son naman. A Madabo kuma gida ya koma hannun babban ɗan Baffa, wanda kowa ke kira Malam.

Ni dai Malam tsoronsa nake ji, duk da na girme shi nesa ba kusa ba, har goya shi na yi yana jariri. Ya yi karatun addini mai zurfi a ƙasashen Larabawa, ya dawo da gemu da wando iya ƙwauri, yana karantar da manya a zaure. Bai taɓa gaya mini baƙar magana ba, amma kuma bai taɓa gaya mini fara ba. In na gaishe shi kansa a ƙasa zai amsa, ya ce lafiya lau Yaya, ya wuce. Ranar yanka ma ba na ganinsa a ƙofar gida. Ko a zaman makokin Baffa, da na durƙusa na yi masa gaisuwa, kalmomin da ya mayar mini ba su cika tafin hannu ba. Ni kuma Allah ya yi ni da saurin yanke hukunci. Na haɗa gemun da wandon da shirun, na ce wannan bawan Allah ba zai taɓa sa wuƙarsa a wuyan ragon Kirsimeti ba.

Da watan Kirsimeti ya kama, abin ya hana ni sukuni. Ba naman ne damuwata ba. Abin da nake tsoro shi ne in je in tsaya a ƙofar nan da rago a hannu, a gaban makwabta, Malam ya ce mini a'a. In ya ce a'a sau ɗaya, shi ke nan ni da 'ya'yana ba mu da sauran gida a cikin birni, mun zama mutanen da aka taɓa sani. In kuma ban je ba, ni ce na yanke abin da hannuna. Na kira ƙanena na Abuja, ya ce in bar zancen kawai, zamani ya sauya, kada in je in jawo wa kaina wulaƙanci in kuma sa mutumin cikin tsaka mai wuya a gaban ɗalibansa. Na kashe wayar ina masifa, amma maganarsa ta ƙarshe ta zauna mini.

Sai dabara ta zo mini, kuma wallahi a lokacin ji na yi babu mai hikima kamata a duk faɗin Kano. Na ce ai abin da ake bukata shi ne yankan Musulmi. To bari in kai ragon wurin mahauci Musulmi a kasuwar unguwarmu ya yanka, ya gyara, in ɗauki nama tsaf in kai Madabo. Ga zumunci na sada, ga Malam na hutar da shi, babu wanda zai ce wa wani a'a. Har na yi wa maigidana bayani ina alfahari, na ce masa wannan shi ake kira kyautatawa da lura. Ya ce shi dai a tabbatar an dawo masa da hanta.

Ranar jajibiri da hantsi aka yanka mini rago, na tsaya a kai har na ji bisimillar mahaucin da kunnena. Aka zuba naman a babban daro, na rufe da farin ƙyalle, na sa sabuwar atamfata, na tari adaidaita sahu. A bakin lungun ya sauke ni, don lungunan Madabo ba sa ɗaukar abin hawa, na yi gammo na ɗora daron a ka na shiga ina jin kaina.

Ina karya kwanar ƙarshe na ja na tsaya. An share ƙofar gida fes. An haƙa ramin a daidai inda aka saba haƙawa. Ga buta cike da ruwa, ga faranti, ga wuƙa a kai tana ƙyalli. Makwabta maza suna tsaye suna hira, Malam kuma yana zaune a kan benci da wata tsohuwar riga, ya naɗe hannuwanta har gwiwar hannu. Da ya gan ni ya miƙe tsaye, kuma a karo na farko a rayuwata na ga haƙoransa.

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji shi, yana leƙen bayana. "Ragon yana tafe ne?"

Na sauke daron a hankali, na yaye ƙyallen. Duk hirar da ake yi ta tsaya cak. Malam ya daɗe yana kallon naman.

"An yanka ke nan," ya ce.

Na fara zuba bayani kamar an kunna rediyo, cewa Musulmi ne ya yanka, a gabana ya yi bisimilla, mutumin kirki ne, kowa ya san shi da salla. Malam ya ce ya sani, ai ba zan kawo musu abin da bai halatta ba. Ya sunkuya ya ɗauki wuƙarsa daga faranti, ya shige zaure. Makwabta suka fara kallon sama kamar masu neman wata. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, ni da daron gaba ɗaya.

Haka na ja jiki na shiga cikin gida. Gwaggo tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta tsufa ƙwarai, amma bakin yana nan yadda na san shi. Ta leƙa daron, ta dube ni, sai ta kwashe da dariya har tari ya sarƙe ta. Ta tambaye ni ina kai, ina ƙafa, ina fata, ko ragon namu na bana haka Allah ya halicce shi tsirara babu kai. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin wanda aka aika da rago ya kawo kayan tsire ba sai 'yar coci. Matan gidan suna ta ƙunshe dariya a bayan mayafi. Da ta ga idona ya kawo ruwa sai ta jawo ni ta zaunar kusa da ita, na gaya mata gaskiyar abin da ya sa na yi haka.

Ta riƙe haɓa. Ta ce wai Malam nake tsoro, yaron da ko uwarsa ba ya iya haɗa ido da ita don kunya. Ta ce ba na ganinsa ranar yanka ne saboda in ubansa na tsaye a wuri shi ba ya tsayawa, can baya yake komawa ya yi ta ɗebo ruwa. Sannan ta gaya mini abin da har yau ban manta ba. Baffa yana kwance cikin ciwon ajali ya kira Malam ya damƙa masa wuƙar nan, ya ce masa duk shekara za a zo da rago daga gidan Kaka, kada ya bari a koma da shi. Tun da watan ya kama Malam bai da zance sai wannan. Ya ɗaga karatun ɗalibansa na ranar, ya wasa wuƙar har Gwaggo ta ce zai cinye ta, kuma ya yi ta zuwa yana tambayarta ko tana ganin zan zo, tun da babana ba ya nan.

"Cewa ya yi in ba ki zo ba, a hannunsa abin ya mutu," in ji Gwaggo. "Ke kina can kina tsoronsa, shi yana nan yana tsoronki. Kai, Allah ya haɗa ni da 'ya'yan wawaye."

Na tashi na nufi zaure in ba shi haƙuri, ban ma san da wace kalma zan fara ba. Ban same shi a can ba. A bayan gida na gan shi, wurin turke, yana kwance igiyar wani jibgegen farin rago mai ƙaho a murɗe. Ashe na layyarsa ne, tun ragon yana ɗan ƙarami yake kiwonsa, da hannunsa yake ba shi dusa da harawa. Na sha gabansa na ce Malam don girman Allah kada ya yi haka, kuskuren nawa ne, ga nama can ya ishi kowa, wannan na sallarsa ne.

"Layya da saura, Allah zai hore wani," ya ce, kansa a ƙasa kamar kullum. "Naku kuwa gobe ne." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ba bikinku nake yi ba, Yaya, kin san wannan. Abin da kakana ya yi wa kakanki nake yi, kuma ubana ya bar mini shi."

Na ce na sani, kuma ban taɓa neman fiye da haka ba. Hawaye suna zuba, hanci yana zuba, duk kwalliyar da na yi ta tashi a banza.

A ƙofar gida wata matsalar ta taso. Wani dattijo cikin makwabta ya tuna musu cewa ƙafafun baya na mutanen wajen ganuwa ne, haka aka saba tun yana yaro, kuma yau babu namiji ko ɗaya daga ɓangarenmu. Aka yi cirko-cirko. Sai muryar Gwaggo ta fito daga cikin zaure, ashe ta rarrafo ta laɓe tana kallo, ta ce ai ga 'yar coci nan tsaye ƙatuwa da ita, hannun nata na ado ne? Na ga kafaɗun Malam suna rawa don dariya.

Haka na ɗaure mayafi a ƙugu na durƙusa cikin sabuwar atamfata na kama ƙafafun ragon nan. Ban san rago yana da ƙarfi haka ba. Harbi ɗaya ya yi na zauna daɓas a ƙasa, lungu ya ɗauki dariya, Gwaggo tana ba da umarni daga ciki wai in danne da gwiwa yadda ubana ke yi. Na tashi na danne, makwabta suka kama mini. Na runtse ido. Na ji Malam ya yi bisimilla da kabbara, ni kuma a zuciyata na yi wa Ubangijina godiya da sunan Almasihu. Ko da na buɗe ido an gama, atamfa ta tashi daga aiki, kuma ban damu ba ko kaɗan.

Ranar nan nama ya yi yawa har ya zama abin dariya. Ga na daro ga na Malam, tukwanen gidan suka kasa, sai da aka aro na makwabta. Matar Malam, wadda da ba mu wuce gaisuwa ba, ta ba ni zaninta na ɗaura, muka zauna gaban murhu muna suya tana ba ni labarin yadda mijinta ya hana ta barci da zancen rago. Gwaggo ta samu kai da ƙafarta, ta sa ni babbaka tana kushe aikina kamar ba ita ta koya mini ba. Ta ce in yi mata waƙar coci, na yi, ta ce har yanzu muryar ba ta gyaru ba. Aka yi ta fita da kwanuka gida-gida, har gidajen da ba a saba kai wa ba, da wata tsohuwa makauniya a ƙarshen lungu wadda ta aiko a tambaya wai aure ake yi ne. Kwanukan kuma ba su dawo haka nan ba, wannan da gurasa, wancan da alkaki, wani da dabino.

Ina zaune cikin hayaƙin nan ne maganar Baba ta dawo mini, na gane ta sarai. Ni a tunanina kyautata wa mutum shi ne ka ɗauke masa nauyi, ka zo masa da abu a gyare don kada ya wahala. Ashe wani lokaci in ka ɗauke wa ɗan'uwanka nauyin, ka ɗauke masa rabonsa ne a cikinka. Kaka bai kai wa gidansu nama ba, buƙata ya kai musu, ya tsaya a ƙofa inda za a iya korarsa. Mu Kiristoci abin da muke murna da shi a Kirsimeti ke nan, cewa Mai Cetonmu bai tsaya daga nesa ya aiko da alheri a rufe cikin daro ba. Da kansa ya zo, jariri, mai buƙatar a goya shi a shayar da shi, a hannun mutanen da suna iya ƙin sa. Na yi shekaru ina jin wannan a coci ina gyaɗa kai, amma a gaban murhun gidan Musulmi na fahimce shi, da zanin aro a jikina.

Bayan la'asar na yi shirin tafiya. Aka cika mini daron ya fi yadda na zo da shi nauyi, har da hantar maigidana a ƙulle daban. Gwaggo ta ce baɗi in na kuskura na zo mata da rago marar kai sai ta sa an rufe ni a turke a madadinsa. Na durƙusa zan ɗora daron a ka, sai Malam ya riga ni. Ya sa farar rigarsa ta fita, ya ɗauki daron ya saɓa a kafaɗa, ya ce in wuce mu je. Na ce ya bari mana, ɗalibansa za su gan shi da kayan mace. Ya ce su gani.

Muka bi lungu yana gaba ina baya. A hanya ya tambaye ni 'ya'yana, ɗaya bayan ɗaya, ashe duk ya san su har da abin da kowa ke karanta. Ya ce baɗi in zo da babban, ya kamata shi da nasa su san fuskar juna tun muna da rai. Mun kusa fita titi muka wuce wata majalisa ta dattawa a gindin bango, suka gaishe shi cikin girmamawa. Ɗaya daga cikinsu, da alama sabon zuwa ne unguwar, ya dube ni da ɗaurin ɗankwalina irin na matan coci, ya ce, "Malam, baƙuwa aka yi ne?"

Malam ya tsaya, ya gyara daron a kafaɗarsa.

"A'a, ba baƙuwa ba ce," ya ce. "Yayata ce. Gida ta zo."

Ya tare mini adaidaita sahu, ya sa kayan a ciki, ya tsaya a bakin titi har muka ɓace. Ni kuwa kuka na yi ta yi har gida, mai adaidaitan yana ta ba ni haƙuri, yana tambaya ko rasuwa aka yi mini.